Ramin Mashigi

Akwai wuri guda a cikin gulbin garinmu da yashi ba ya bushewa. Ko a tsakiyar bazara, lokacin da rijiyoyi ke ja da baya, za ka gan shi: wani baƙin kewaye mai faɗin ɗaki, daidai tsakiyar mashigi. Awaki kauce masa suke. Wasu Fulani masu wucewa sun taɓa tona gefensa neman ruwa, aka faɗa musu abin da ya faru, suka mayar da yashin suka kora shanunsu.

Inna ce kaɗai ke tsayawa a kai.

Garinmu tafiyar hantsi ne zuwa Dakoro a amalanke. Gulbin ne tsakaninmu da kasuwa, da asibiti, da komai. Wata tara ba ko ɗigo a cikinsa. Wata uku kuwa shi ke da magana. Tun kakanni akwai yadda ake ƙetare shi, kowane yaro ya haddace kafin ya iya alwala: ka sa gawo a ƙeyarka, ka sa aduwa tsakanin idanunka, ka miƙe. A kan wannan layin kaɗai marmara take kwance ƙarƙashin yashi. Ko ruwa ya kai ƙirji, ƙafa na samun abin takawa. Ka kauce taki biyar, sai dai a ba da labarinka.

Ni na nuna wa masu gada layin.

Bara waccan ne, da rani. Na dawo daga lise, makarantar sakandare, ban ci jarrabawar bak ta ƙarshe ba, ina zaune gida ba aikin fari ba na baƙi. Sai ga farar mota. Injiniya ne da mutum uku, da wani madubi mai ƙafa uku. Gwamnati ta sa gadarmu a kasafin shekara. Injiniyan ba ya jin Hausa sosai, Maigari Kalla ya aika a kira ni. Mutumin ya tambaya ina ƙasa ta fi ƙarfi, inda za a kafa ginshiƙi. Dattawa suka fara kewaye-kewaye. Ni kuwa na ja shi har tsakiyar gulbi, na juya masa ƙeya ga gawo, na nuna masa aduwa. Ya buga ƙarfe, ya ji marmara, ya yi murmushi. Ya ba ni wata riga mai sheƙi irin ta ma'aikatan hanya.

Yayana Jimrau na zaune a kan amalankensa yana kallo.

"Kai, Injiniya! In an gama ka ce su rubuta sunanka bisa, mu riƙa taka shi da shanu."

Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Katafila ta zo ta fasa marmarar. Ta haƙa rami, zurfin mutum biyu. Aka sa ƙarafa a ciki, an ɗaure su kamar kwando. Manyan motoci suka zube tarin duwatsu a bakin gaɓa, aka kafa allon ƙarfe mai rubutun Faransanci. Daga nan suka ce za su je su dawo bayan salla. Mun kewaye ramin da ƙaya. Iskar bazara ta kwashe ƙayar, ta cika ramin da yashi, ta shafe shi sumul. Wata biyu amalankai na bi ta kai ba abin da ya faru. Mutane suka manta. Ni ma na manta.

Ruwan farko ya zo ranar kasuwa. Ba a kanmu aka yi shi ba, can arewa aka yi, gulbi ya kawo mana. Da la'asar Jimrau ya dawo daga Dakoro da kayan mutane. Ruwan bai wuce cinya ba. Waɗanda ke gaɓa sun gan shi ya waiwaya ya duba aduwa, ya daidaita san amalankensa da gawo, ya shiga. Bai yi kuskure ba. Abin da aka koya masa ya yi. Ruwan ne ya riga ya kwashe yashin ramin.

A rana ta uku aka samu san can ƙasa, wajen Birnin Lalle. Amalanke kuwa babu. Jimrau babu. Aka zura gora a wurin ba ta taɓa komai ba, aka ce ruwa ya tafi da shi. Aka yi addu'ar uku, ta bakwai, ta arba'in, ba kabari. Da ruwa ya janye, yashi ya sake rufe wurin. Tun daga nan bai bushe ba.

Bayan kaka Inna ta ɗauki kasuwa, tunda mai kai mata daddawa ba ya nan. Kowane mako sai ta ɗora ƙwarya a ka, ta sa gawo a ƙeya, ta miƙe. In ta kai baƙin yashin sai ta tsaya. Na taɓa bin ta a baya na ji abin da take cewa. Ba addu'a ba ce. Cewa take, "Jimrau, za ni kasuwa." In ta dawo kuma, "Jimrau, na dawo."

Gari ya fitar da wata hanya ta kewaye, can sama inda gulbin ya baje. Tana cin rabin wuni. Da rani ba mai bin ta, amma kowa ya san in ruwa ya zo ita za a bi. Kowa ban da Inna.

Da gawo ya fara zubar da ganye, alamar damina ta matso, na same ta tana tankaɗe.

"Inna, in ruwa ya zo sai ki riƙa bi ta kewaye."

"Da ƙahwar wa?"

"Zan riƙa kai miki."

"Kai? Wanda bai san mudu ba?" Ba ta ɗago ba. "Nan ubanka yab bi, nan kakanka yab bi."

"Akwai rami, Inna."

"Na san abin da ke cikinai."

"To?"

Ta buga rariya a tafin hannu, ta dube ni.

"Ɗayyabu, ka taɓa jin ɗa ya ja uwatai?"

Na san ta. Ko ruwa ya kai wuya za ta shiga, za ta tsaya a wurin ta gaya masa za ta kasuwa.

Washegari na je ƙofar Maigari. Yana zaune a inuwar itacen bedi da dattawa, da Elhaji Badaru, dillalin dabbobi, wanda ke kai kukan garinmu birni don ya san mutane. Na cire takalmi na durƙusa.

"Ranka shi daɗe, gayya nika roƙo. A kwashe yashin ramin mashigi, a cika shi da duwatsun da ke gaɓa, kahin ruwa shi zo."

Wani ya yi tari.

"Injiniya ya dawo aiki," in ji Elhaji Badaru. "Bara haƙawa, bana cikawa. Baɗi mi za ka sa mu yi?"

Maigari ya ɗaga masa hannu. Ba mugun mutum ba ne, Maigari. Shi ya yi kwana uku yana bin gaɓa da sanda neman Jimrau.

"Ɗana, shekara talatin muna roƙon gadar ga. Ubana ya roƙa har ya kwanta dama. Abin da munka samu ke nan: rami, da ƙarahwa, da duwatsu. In munka cika ramin, munka kwashe duwatsun, mi za mu nuna? Sai su ce ba a taɓa hwara komi ba."

"Ranka shi daɗe, ya ci mutum."

"Na sani. Shi ya sa munka hidda kewaye."

"Inna ba ta bi."

"To ka riƙe uwarka," in ji Elhaji Badaru. "Ba gari za a kwance wa zane ba don tsohuwa guda ta yi taurin kai. In ba ka yarda ba, tahi biro, ohishinsu, ka tambaya, kai da ka jin yarensu."

Na tafi. Na hau kabu-kabu har Dakoro, na sami biron masu hanyoyi. Wani ma'aikaci ne a ciki, irin waɗanda muke ce wa Mushe, mai furfura a gemu, fanka na juyi a kansa ba ta kawo iska. Ya saurare ni har na gama. Ya jawo wata takarda ya juyo mini ita.

Jeri biyu ne. Na sama, ayyukan da aka fara. Na ƙasa, waɗanda ba a fara ba. Na ƙasan ya fi tsawo, har ya juya baya. Sunan garinmu na sama.

"Bana kuɗin sun tafi babbar hanya," ya ce. "Wadda manyan motoci ke bi. Da gadar da ke kanta. Sauran kuma ka san halin da ƙasa ke ciki."

"Mu kuma sai yaushe, Mushe?"

"Ba ni ke rabawa ba. Karantawa nake, kamar kai."

"Mutum ya mutu a wurin."

"An rubuta." Ya sa yatsa a kan takardar. "Da kuna na goma sha ɗaya. Yanzu kuna na bakwai."

Na tsaya ina kallon lambar. Matsayi huɗu. Abin da Jimrau ya sayo wa gari ke nan.

"In aka cika ramin fa?"

Ya cire tabarau ya murza ido.

"Masu dubawa za su zagaya bayan damina. Abin da suka gani shi za su rubuta. In sun ga aiki, kuna sama. In sun ga yashi..." Ya mayar da takardar cikin dosiye, kwalin ajiye takardu. "Ban ji tambayarka ba, samari. Ka gaida gida."

Ashe dattawa ba su yi ƙarya ba. Wannan ya fi komai ciwo. Da ƙarya ce da na samu abin da zan yi wa fushi.

Da ƙafa na dawo. Na iso mashigi rana tsaka, ba kowa, ko tsuntsu. Na sauka cikin gulbi. Yashi na ƙuna ta cikin takalmi, har na kai baƙin wurin. Nan sanyi ne. Na tsuguna na dafa. Damshi ya kama tafina, da wani wari irin na tsohuwar randa. A gefe akwai sawun Inna na makon jiya, ƙafa biyu a jere, inda ta tsaya. Iska ta shafe duk sauran sawun da ke gulbin. Waɗannan ba ta taɓa su ba.

Na ɗaga kai. Gabas ta yi baƙi. Kasuwa saura kwana huɗu.

Da gari ya waye na ɗauki felu da kwando. Ban sallami kowa ba. Zuba dutse a kan sako-sakon yashi aikin banza ne, ruwa zai kwashe yashin ya tafi da dutsen. Sai an tono har ƙasa. Jimrau ne ya koya mini haka, lokacin da muke gyaran mashigi da gayya kowace shekara, kafin a ce mana gada na zuwa mu daina.

Na yi ta haƙa. Yashin na da nauyi, yana zamewa yana komawa. Da hantsi mata masu zuwa itace suka gan ni. Kafin rana ta take, gaɓa ta cika. Na ji muryar Elhaji Badaru daga sama.

"Kai, yaron ga! Hau nika ce! Kayan gwamnati ne, sai ka kwana wajen jandarma!"

Ban ɗago ba. Ramin ya kai min ƙugu, sannan ƙirji. Kan ƙarafan ya fito, sun yi tsatsa, sun lanƙwashe kamar an zauna a kansu. Na soka felu gefensu. Ya daki wani abu mai laushi, ya dawo.

Na ajiye felun na sa hannu. Roba ce. Na share. Tayar amalanke, da jan fenti a jikin ƙarfenta. Ni na shafa fentin nan da hannuna, salla biyu da suka wuce.

Ban san na yi ƙara ba. An ce na yi.

Mutum na farko da ya diro Maigari ne, da babbar rigarsa. Ya dubi tayar, ya ce, "Inna lillahi." Ya juya ya ce a kawo feluna, a kira Liman, mata su ja baya. Ba wanda ya ƙara maganar gwamnati. Mutum ashirin suka shiga, ana miƙa kwanduna hannu da hannu. Aka ɗaura igiya aka jawo amalanken da shanu biyu.

Yana ƙarƙashinsa, a tsakanin ƙarafa. Igiyar san na naɗe a inda hannunsa yake. Bai sake ta ba, ita ce ta tsinke.

Ba zan faɗi sauran ba. Liman ya shimfiɗa farin ƙyalle, muka tattara shi. Bai fi nauyin damin hatsi ba. Kafin la'asar an yi masa salla, an kai shi kusa da Baba.

Da muka dawo daga maƙabarta, ƙafa ta mayar da mutane gulbi, ba wanda ya ce a je. Ramin na nan a buɗe, an share shi tas har marmara, ƙarafa a tsaye. Ya fi ranar da katafila ta bar shi kyau. Elhaji Badaru ya leƙa. Muryarsa ta yi sanyi, amma ya faɗa.

"Allah shi jiƙan Jimrau. Amma ku duba. Yanzu ko makaho yaz zo ya san an hwara aiki. A kewaye shi da ƙaya, a kahwa itace. Mu yi haƙurin damina guda."

Wasu suka gyaɗa kai. Na hau gaɓa, na je wurin tarin duwatsu, na ɗauki ɗaya. Na sauko da shi.

"Ɗayyabu," in ji Maigari. A hankali ya faɗa. "Kana ɗauke da gadar jikokinmu."

Na tsaya. Dutsen na cin hannuna. Da ya yi tsawa da na jefa. Amma bai yi ba, kallona kawai yake, rigarsa duk laka daga tonon ɗan'uwana.

Sai mata suka dare. Inna ce. Tun safe tana gaɓa, ba ta yi kuka ba. Ta naɗe gammo, ta sa wata yarinya ta ɗora mata dutse a ka. Ta sauko tana takawa kamar mai zuwa kasuwa, ta wuce ni, ta tsaya a bakin ramin ta leƙa.

"Uwale," in ji Maigari, "koma cikin mata."

"Maigari, da yana da mutum cikinai, ya yi shiru." Ta gyara tsayuwa. "Yanzu ba kowa. Yunwa za shi ji."

Ta sunkuyar da kai. Dutsen ya faɗa, ya daki ƙarfe, ƙarar ta bi gulbi.

Na jefa nawa.

Mata ne suka fara bi, sannan abokan Jimrau, masu amalanke. Maigari ya tsaya ɗan lokaci, ya kaɗe rigarsa, ya hau gaɓa ya tafi. Bai hana ba, bai sa hannu ba. Rabin maza suka bi shi. Mu da muka rage kwana biyu muka yi muna jido. Muka jera manya a ƙasa, muka cusa ƙanana a tsakanin ƙarafa, muka daddale da jar ƙasa. Tarin da ke gaɓa ya ƙare ƙarƙaf. Allon ƙarfe kaɗai ya rage a tsaye.

Ruwa ya zo ranar kasuwa, kamar bara. Na jira a gindin gawo tun azahar. Da la'asar na hango ta a ƙetare, ƙwarya a ka. Ruwan ja ne, yana tafe da kumfa da karare. Ta ɗaure zane, ta waiwaya ta duba aduwa, ta sa gawo tsakanin idanunta, ta shiga. Gwiwa. Cinya. Ta kai tsakiya.

Ba ta tsaya ba. Ta fito tana ɗigar ruwa, ta miƙo mini ƙwaryar.

"Riƙe. Mi kaka kallo?"

Masu dubawa sun zo bayan kaka, su biyu a farar mota. Maigari ya aika a kira ni.

"Kai kan nuna ma masu gada wurin," ya ce. "Kai za ka hwaɗa musu."

Na kai su tsakiyar gulbi. Na juya musu ƙeya ga gawo, na nuna musu aduwa. Suka tambaya ina ramin, ina duwatsun. Na faɗa. Ɗaya ya ɗauki hoton yashi da wayarsa. Ɗayan ya yi rubutu kaɗan, bai kai layi biyu ba. Elhaji Badaru ne ya kawo labarin daga baya: mun sauka jerin ƙasa, a bayan takarda.

Ba wanda ya kai ni wajen jandarma. Ana amsa gaisuwata, a gajarce. A daminar nan sau biyu gulbi ya cika har kwana uku ba shiga ba fita, an ɗauki wani dattijo a kan gado an bi kewaye da shi, bai kai asibiti ba. A wurin zaman makoki ba wanda ya ce mini komai. An dai matsa mini wuri a tabarma, fiye da yadda nake buƙata.

Inna na zuwa kasuwa. Ranar Juma'a takan tsaya daga bayan dangar maƙabarta ta yi magana kaɗan.

Rani ya sake shigowa. Inna ta ce wurin ya bushe. Masu amalanke sun ce ya bushe, awaki ma har kwanciya suke a kai. Na je na duba da rana tsaka, daga gindin gawo. Ni ina ganinsa, baƙi, faɗin ɗaki.

Ta kewaye nake bi.